Wane wasan kare kai ya dace da 'yata mai shekara 11?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da 'ya mai shekara 11. Boko a Adaidaita Sahu take zuwa, Islamiyya kuwa da ƙafa, kuma sai dab da magariba suke tashi. Kwanakin baya wani mutum ya biyo 'yar maƙwabciyata har bakin lungu. Allah ya tsare, amma tun ranar hankalina bai kwanta ba. Na ga wani yana talla a WhatsApp cewa cikin sati biyu na hutu zai koya wa yara mata dabarun kayar da kowane ƙato. Akwai kuma masu taikwando da kareti da judo a filin wasa. Babanta yana ɗari-ɗari, wai kada jikinta ya lalace ko ta koma kamar namiji. Ina zan kai ta?
Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa, ya raya mana su. Da mai tallar sati biyun nan zan fara, don shi ya fi tayar min da hankali a saƙonki. Kada ki ba shi ko sisi, balle ki ba shi 'yarki.

Yarinya mai shekara 11 nauyinta bai cika wuce kilo 30 zuwa 40 ba. Namiji baligi, ko siriri ne, ya kusa ninka ta, ga tsawon hannu, ga ƙashin da ya gama ƙwari. Mu da muke horar da yara ba ma raina nauyi. A judon mata da nauyi ake raba 'yan wasa: ajin farko kilo 48 ne, na biye da shi 52, sai 57. Kilo huɗu kacal ya isa a raba ƙwararru biyu da suka shekara goma suna horo, a ce kowace ta nemi sa'arta. To da wane siddabaru mutum zai share tazarar kilo talatin cikin sati biyu?

Na san abin da suke koyarwa, don kullum sai an turo min bidiyonsu: tsokane masa ido, shure shi a gaba, murɗe masa yatsa, juya hannunki haka ki zare. A cikin aji duk suna ci, saboda wanda ya riƙe hannun ya riƙe ne ya tsaya yana jira a zare. Mugu ba ya jira. Fizga yake yi, ya toshe baki, ya ɗaga yarinya sama ƙafafunta na reto. Tsoro kuma yana da nasa aikin a jiki: hannu ya kama rawa, numfashi ya sarƙe, wasu ma su sandare ko motsi ba sa iyawa. A wannan hali dabarar da aka gwada sau biyar da ƙawa ana dariya ba ta zuwa kai. Abin da ke saura a jiki shi ne wanda aka maimaita wata da watanni da abokin karawa mai turjiya da gaske.

Da asarar kuɗi ce kawai da na yi shiru. Abin da ke ƙona min rai, yarinyar da jiya da ta ga baƙuwar fuska za ta ranta a na kare, yau an cusa mata cewa ta iya, sai ta tsaya ta gyara tsayuwa. Wannan 'yar tsayuwar ita ce damar gudunta, kuma an raba ta da ita. Idan abin ya faru, Allah ya kiyaye, sai ta ɗora wa kanta laifi: an koya min, an biya kuɗi, na kasa. Yarinyar da ke ganin laifinta ne ba ta faɗa wa uwarta. Ban ga bambancin mai irin wannan kwas da mai sayar da maganin ƙarfe a tasha ba, duka biyun ƙarfin halin banza suke sayarwa, wanda ya saya kuma shi ke kwana a asibiti.

Akwai kuma ƙaryar da ke ƙarƙashin tallar gaba ɗaya, cewa hatsarin baƙo ne da ke fitowa daga lungu. Akwai irinsa, kin ma gani a unguwarku. Amma binciken cin zarafin yara da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2014 ya gano cewa yarinya ɗaya cikin huɗu a Najeriya ta gamu da cin zarafi ta hanyar lalata kafin ta cika shekara 18, kuma mafi yawan masu aikatawar mutane ne da yaran suka sani. Maƙwabci ne, ko mai shagon da ake aiken ta, ko ɗan'uwan da ke kwana a soro, ko malami. Irin waɗannan ba sa fizga. Alewa suke bayarwa, su ce shigo ki karɓi canji, su ce sirrinmu ne. Wane shuri za ta kai wa mutumin da muka koya mata ta durƙusa ta gaishe shi? Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu kan kunya da rashin musu da babba, tarbiyya ce mai kyau, amma ba mu gaya musu inda ta ƙare ba.

Shi ya sa kashi mafi girma na kare kai a wannan shekarun a baki yake da ƙafa. Ta iya cewa a'a da ƙarfi tana kallon idon mutum, ta iya kwarma ihu tana kiran abin da ake mata, ta san gidan da za ta faɗa a kan hanyar Islamiyya, ta ƙi shiga Adaidaitar da babu mata a ciki da yamma, su dawo a ayari. A unguwannin talakawa na Nairobi an gwada wani shiri a makarantu mai darasi shida na awa bibbiyu da ya ba irin wannan muhimmanci, aka ga fyaɗe ya ragu a tsakanin 'yan matan da suka halarta, kuma yawancin waɗanda suka kuɓutar da kansu da baki suka fara. Gajeren horo yana iya gyara murya. Ƙarfin jiki da saba wa riƙo kuwa sai da shekaru.

Game da zaɓin wasa, ni judo nake fifitawa idan akwai shi kusa da ku. Darasinsa na farko faɗuwa ne ba tare da kai ya bugi ƙasa ba, sannan kullum ana cikin riƙo da ja da turewa, da koyon zamewa daga ƙarƙashin wanda ya danne ka. Yarinyar da ta saba a cafke ta ba ta sandarewa ranar da aka cafke ta. Taikwando ke biye, kuma ya fi sauƙin samu a garuruwanmu, musamman a Nijar tun da Abdoul Razak Alfaga ya ciyo azurfa a Rio a 2016. Yana ba da saurin ƙafa da sanin tazara da numfashin gudu. Kareti ma babu laifi, muddin ana karawa ta gaske da kayan kariya, ba jera motsi a iska kawai ba. Dambe kowane iri ne ban yarda da shi ga yaro ba, saboda dukan kai. Bayan wannan, wanda ita take so kuma za ki iya kai ta sau biyu a sati ba fashi ya fi wanda ni na zaɓa.

Ki gaya wa babanta hankalinsa ya kwanta. Maganar wai shuri ko buɗe ƙafa yana zubar da budurci ko hana haihuwa zancen zaure ne, ba shi da tushe a likitanci, kuma na gaji da ganin an cire yara masu hazaƙa saboda shi. Kayan wasan dogon wando ne da riga mai dogon hannu. Hedaya Malak ta Masar da ɗankwalinta ta ci tagulla sau biyu a taikwando a gasar Olamfik. Sai dai a sa hijabin wasa mai kama kai, marar allura, kada dogo ya naɗe mata wuya.

Koci ya fi sunan wasan muhimmanci, don shi ma babba ne da za a ba izinin taɓa jikin 'yarki. Ki je da kanki ki zauna ki kalli darasi kafin ki biya. Ki duba ko akwai wasu yara mata, ko akwai mace cikin masu horarwa, ko akwai katifa a ƙasa. Ki tambayi takardarsa, ki bincika a ƙungiyar wasan ta jiha. Idan ya yi miki alkawarin baƙar ɗamara, wato matakin ƙwararru, cikin wata shida, ki tashi. Hedikwatar taikwando ta Koriya ba ta ma ba ɗan ƙasa da shekara 15 matakin manya. Idan kin ga ana shaƙe wuya ko lanƙwasa gwiwar hannun yara masu shekarunta, ko ana dukan su da sunan horo, nan ma ki tashi. Wanda kuwa ya hana iyaye kallo, ko ya nemi a bar masa ita kaɗai don ƙarin darasi, ko ya fara tura mata saƙo a waya, ranar ce ta ƙarshe.

Sauran aikin naki ne, Hajiya, kuma babu kocin da zai yi miki shi. Mu iyaye mata mu ji tsoron Allah: yarinya ta zo tana in-ina za ta faɗi abin da aka yi mata, sai mu fara da me ya kai ki, wani lokaci har da mari, sannan a rufe maganar don kada sunan gida ya ɓaci. Ki zaunar da ita yau ki ce mata duk wanda ya taɓa ta inda bai kamata ba, ko waye shi a dangi, ta faɗa miki, ba za ki dake ta ba. Idan kuma wani abu ya taɓa faruwa, ga ita ko ga 'yar maƙwabciyarki, a nan Kano akwai cibiyar Waraka mai kula da waɗanda aka ci zarafinsu, a asibitin Murtala. A kai yarinya da gaggawa, domin maganin rigakafin ƙanjamau cikin awa 72 na farko yake aiki, kuma kada a yi mata wanka ko a wanke kayanta kafin a kai ta.