Fitar da su fili kafin ki raba allo biyu

Malama, kin tambayi yadda za ki sa ɗalibai su kwatanta rundunar Sarki Harold na Ingila da ta William na Normandi (wani yanki a arewacin Faransa) a yaƙin Hastings na 1066, ba hadda kawai ba. Na daɗe ina koyar da wannan darasi. Da farko allo nake rabawa biyu: nan barade da 'yan bakan William, can dakarun Harold masu gatari. Sai yara su yanke hukunci cewa mai doki dole ya ci na ƙasa. To in haka ne, me ya sa aka wuni ana gwabzawa ranar 14 ga Oktoba, tun hantsi har faɗuwar rana?

Yanzu fili nake fita da su. Ina jera wasu a kan tudun bayan aji kamar yadda mutanen Harold suka tsaya, kafaɗa da kafaɗa, kowa da kwali a hannu a matsayin garkuwa, sauran su taso daga gangare kamar mutanen William. Nan take suke gane cewa muddin sahun bai tsinke ba, ba a keta shi. Sai in raɗa wa masu hawowa su juya kamar sun tsorata. Wata shekara wani yaro ya kasa haƙuri ya bi su a guje, abokinsa ya mara masa baya, sai ga giɓi. Ban ce uffan ba, 'yan sahun ne suka yi ta ihu, "Ku dawo!" Abin da ya sami mutanen Harold ke nan, baraden William suka juyo suka ritsa da waɗanda suka sauko.

Bayan nan ki nuna musu hoton zanen Bayeux, dogon ƙyallen da ke nuna labarin wannan yaƙi, wanda aka yi wa aikin zare, tsawonsa kusan mita 70. Za su ga sulke da kwalkwalin ɓangarorin biyu kusan iri ɗaya ne. A rundunar Harold ki kuma rarrabe musu huskal, ƙwararrun dakarun gidan sarki, da fird, mutanen da ake tarowa daga gundumomi.

Kada ki manta da gajiya. Ranar 25 ga Satumba Harold ya ci Harald Hardrada na Norway a Stamford Bridge, can arewa. Bayan kwana uku William ya sauka a Pevensey, a gaɓar tekun kudancin Ingila, dole Harold ya juyo kudu da gaggawa. Nakan ba su taswira da zare su auna wannan tafiya da kansu kafin su rubuta komai.