Dalilin da "he llegado" ya kama bakinmu

Ƙanena, ka tambaye ni me ya sa duk saƙon muryar da mutanenmu na Almeriya, a nan ƙasar Sifen, ke turowa sai ka ji "ya he llegado" (na riga na iso), ko "he comido" (na ci abinci), kamar ba su san wata magana ba. To, wannan ce ƙofar da kusan kowane Bahaushe ke bi ya shiga Sifaniyanci.

Akwai wani ɗan aikatau, haber, mai sauya kama gwargwadon mai magana: he, has, ha, hemos, habéis, han. Jera su kusa da namu: na, ka, ya, mun, kun, sun. Bayansa sai babban aikatau ya zo da wutsiyar -ado ko -ido, kuma ba ya motsi. He llegado, na iso. Han llegado, sun iso. Ranar da wani dattijo ɗan Damagaram ya nuna min haka a gonar tumatir, lokacin hutun cin abinci, sai na ji kamar an kwance min ɗauri.

Matsalar ita ce mun riƙe shi da ƙarfi fiye da kima. Mutanen nan sun fi amfani da shi ga abin da ya faru yau, ko makon nan, ko abin da bai gama wucewa ba. Na bara da na jiya yana da tasa siga, llegué, llegaste, llegó, inda wutsiyar ce ke canjawa kowane lokaci, ita kuwa muna gudunta kamar bashi. Sai ka ji mutum ya ce "he llegado" alhali zuwansa ya shekara goma sha biyar. 'Yata da aka haifa a nan ba ta bari ya wuce: "Baba, llegué ake cewa." Abokan aikinmu 'yan Kolombiya kuma akasinmu ne, ko yanzu suka shigo "ya llegué" za su ce.

Daga bakin mutum kana gane inda ya fito. 'Yan Nijar da suka yi boko sukan ce "soy llegado", don Faransanci na cewa je suis arrivé, Sifaniyanci kuwa haber kaɗai yake amfani da shi a nan. Sabon zuwa kuma zai ce "hacido" maimakon hecho (na aikatau "yi", wanda ba ya bin ƙa'idar -ado da -ido), sai a yi masa dariya kaɗan, a koya masa 'yan uwansa dicho (faɗa) da visto (gani) a kan tabarmar shayi.

Ni dai sai da na zo neman zama ɗan ƙasa, aka ce dole in ci jarrabawar harshen Sifaniyanci da ake kira DELE, matakin A2, ta Cibiyar Cervantes, sannan na zauna na haddace llegué da 'yan uwanta. Malamata ita ce 'yata, 'yar shekara goma sha biyu, ladanta alewa.