Ɗana Ya Dage Sai Ya Je Bikin Kandi, Babansu Ya Ce A'a

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ɗana mai shekara 17 zai gama jarrabawar NECO nan da mako biyu. Shi da 'yan ajinsu sun yi karo-karo, wai za su kama wani wuri su yi kandi, wato bikin gama makaranta, da daddare bayan sun gama rubuce-rubuce a fararen riguna. Babansu ya ce ko ƙofar gida ba zai leƙa ba. Tun ranar yaron ya daina cin abinci tare da mu. Ni kuma abin da nake ji game da ƙwaya ya hana ni barci. Mu hana shi ko mu bar shi?
Wata uwa, Rijiyar Zaki

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ba shi sa'a, Ya shirya mana su baki ɗaya.

Tsoronki yana kan hanya. Binciken da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2019 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da kayan maye a Najeriya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce, don haka masu 'yan mata har da ku nake. Tun watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma duk mazaunin Kano ya san bai bar hannun yara ba.

Duk da haka ban goyi bayan hani kai-tsaye ba. Saurayin da ya yi shekara shida da abokan nan, in aka ce ba zai je ba, cewa zai yi zai leƙa gidan aboki, daga can ya wuce. Ya dai je, ke kuma ba ki san inda yake ba. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Ki samu Alhaji lokacin da ransa ke sanyi, ko ki sa wani wansa da yake jin nauyinsa, a mayar da maganar kan sharaɗi. A yi biki da rana, a tashi kafin magariba. Ki je makarantar da ƙafarki ki tambaya ko da saninsu, kuma wane malami ne zai tsaya. In an ce babu babba ko ɗaya a wurin, ko a ɗakin otal za a yi, to a nan ina tare da Alhaji.

Sannan ki zaunar da yaron, ku biyu, ki gaya masa yadda abin yake faruwa. Ba wanda zai ce masa "ga ƙwaya". Robar lemo za a miƙo masa wadda aka riga aka buɗe, an tsiyaya kodin ko an narka roci, ƙwayar nan mai sa barci, a ciki, ko a ce ya ja shisha sau ɗaya kawai, alhali bai san abin da aka cusa mata ba. In ya ƙi, a ce masa ɗan Hajiya. Kodin da taramol da roci duk suna danne numfashi, in aka gauraya su yaro na iya yin barcin da ba zai farka ba. Taramol in ya yi yawa yana sa jijjiga kamar ta farfaɗiya. Ki ce kada ya sha abin da ba shi ya buɗe da hannunsa ba, in ya ajiye ya tashi, ya haƙura da shi.

Hanyar dawowa ma kada a bar ta ga sa'a. Ranar yara ke ɗauko motar gida ba lasisi suna tsere, ga masu ƙwacen waya da zarar duhu ya yi. Yayansa ko kawunsa ya kai shi, ya ɗauko shi.

Akwai alkawarin da nake roƙon ku yi masa, ke da Alhaji: ko wane lokaci ya ga abin da bai gane ba, ya kira, za a zo a ɗauke shi ba faɗa a daren. Tsoron faɗa ne ke sa yara su ɓoye abokinsu a ɗaki idan ya faɗi, suna ɗura masa madara ko manja. Ba sa maganin komai, shaƙe shi ma za su iya yi. A kwantar da shi a gefensa, a garzaya da shi sashen gaggawa na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, a gaya wa likita ainihin abin da ya sha.

In da hali, washegari ki dafa shinkafa ki haɗa zoɓo, ya gayyato abokansa walima a gida. Ki fito ku gaisa, ki tambayi kowa ɗan gidan wa ne, ki karɓi lambar iyayen biyu ko uku. Watannin jiran sakamako suna da tsawo, kuma da su zai riƙa yini.