An Sauya wa Mahaifiyata Gwiwa, Anya Za Ta Sake Hawa Bene?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Daga Aboabo nake, a Kumasi. Mahaifiyata mai shekara 68 aka yi wa aikin sauya gwiwar dama, yau mako biyar. Ɗakinta a saman bene yake. Ranar da aka sallame ta, samarin gida ne suka ɗauke ta a kujera suka hau da ita, kuma har yau ba ta sauko ba. Kawuna ya ce kada ta kuskura ta taka matakala sai ƙarfen ya kama. Yanzu kuma, ganin gwiwar a kumbure, yana so ya kawo maɗori ya gasa ta, wanzami ya yi tsaga mataccen jini ya fita. Ƙafar kullum ƙara sandarewa take yi, ni kuwa barci ya gagare ni. Anya za ta sake hawa bene da ƙafarta?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka miki da alheri. Za ta hau in sha Allah, amma dole hankalinki ya tashi, domin mako biyar a ɗaki ba ƙaramar asara ba ce.

Bari in fara da maganar kawu, don kusan kullum sai na ji irinta a wurin aiki, har ta ishe ni. Hajiya ba karaya ta yi ba. Babu wani ƙashi da ake jira ya haɗe. Likita ya share saman ƙashin da ya cinye, ya ɗora ƙarfe sama da ƙasa, ya sa roba mai tauri a tsakani, kuma yawanci da wani siminti na musamman ake manne su, wanda ke daskarewa cikin kamar minti 15, tun majinyaci bai bar ɗakin tiyata ba. Shi ya sa muke tayar da mutum ya taka ƙafar ranar aikin ko washegari, mu koya masa matakala kafin sallama. In dai ba likitan da ya yi aikin ne ya hana da bakinsa ba, ƙarfen ya kama tuntuni.

Abin da kwanciya ke jawowa shi ne tabo ya taru a cikin gwiwa ya ɗaure ta, kamar ƙofar ƙarfe da aka bari a rufe damina guda. Tsokar gaban cinya, wadda ita ke ɗaga mutum a kan matakala, takan rasa fiye da rabin ƙarfinta a watan farko ko da ana motsa ta, balle an kwantar da ita. Ga kuma gudan jini da ke daskarewa a jijiyar ƙafar da ba ta motsi, wanda in ya ɓalle ya tafi huhu sai dai wani ikon Allah.

Sai batun tsaga. Don Allah, don Annabi, kada aska ta kusanci wannan gwiwa. Ƙarfe ba shi da jini. In ƙwayar cuta ta shiga ta manne masa, maganin da ake sha ba ya isa gare ta yadda ya kamata. Sau da yawa sai an sake buɗe gwiwar, a cire ƙarfen gaba ɗaya, a sa simintin magani a gurbinsa, a yi kamar mako shida ana ba da magani, sannan a sake wani aikin. Kuɗin da dangi suka haɗa, wasu daga Nima, wasu daga Jamus, sai a sake nemo fiye da shi. Duk saboda tsaga uku da aka shafa wa toka. Haka ƙaho, haka tsumman ruwan zafi da ake dannawa har fata ta saluɓe, alhali gefen wurin ɗinkin yakan yi dindiris, tsohuwa ba za ta ji tana ƙonewa ba. Haka allurar da mai kemis zai ce zai yi mata a cikin gwiwa. Maɗori yakan ce kakansa ya ɗora ƙafar sarki. Madalla. A tambaye shi gwiwar ƙarfe nawa kakan ya taɓa gani. Abin da ya fi ba ni haushi, in ta ɓaci ba wurinsa ake komawa ba, mu ake kawo wa, ana cewa aikin asibiti ne bai yi kyau ba.

Kumburi da ɗan ɗumi a gwiwa na iya kai wata uku zuwa shida, ba mataccen jini ba ne. Maganinsa ƙanƙara a cikin tawul na minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar, matashi a ƙarƙashin diddige, ba a ƙarƙashin gwiwa ba. Amma in ɗinkin na zubar da ruwa ko mugunya, ko ja na yaɗuwa, ko zazzaɓi ya zo, kada a ce maleriya ce a sayo ƙwaya. In sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, a nufi sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye a take.

Yanzu matakala. Wajen hawa, ƙafa mai lafiya ce gaba: hagu ta hau, dama da sanda su biyo ta kan mataki ɗaya. Wajen sauka, sanda ta fara, sai dama, sai hagu. Ki lura da wannan sosai, don iyayenmu sun saba fara komai da dama, za ki ga ta ce bismillah ta ɗaga ƙafar da aka yi wa aiki. Hannu ɗaya a jikin ƙarfen dafawa. Ke ki tsaya bayanta in tana hawa, ki tsaya mataki ɗaya a ƙasanta in tana sauka, kada ki ja hannunta. Sauka ta fi wuya, domin hawa na neman gwiwa ta lanƙwashe kusan digiri 85, sauka kuwa 90 zuwa 100, ga tsoka na riƙe nauyin jiki tana saki a hankali. Yawancin mutane sai tsakanin mako shida da wata uku suke fara taka mataki ɗaya da ƙafa ɗaya, ita kuwa za ta ɗan makara.

Ki duba matakalar kanta. Na gidajenmu na Zango sau da yawa a waje suke, wani mataki ya fi wani tsawo, gansakuka ta kama gefe, ruwan wanki na gangarowa. In babu abin dafawa, a kira mai walda a wannan makon. Ta ajiye silifas ta sa takalmi mai riƙe diddige, ta ɗage zanenta sama da idon sawu.

Kafin nan, sau uku a rana: ta danna bayan gwiwa a katifa ta ƙirga biyar, ta ɗaga ƙafar a miƙe, ta jawo diddige wajen ɗuwawu, kowanne sau goma, sannan ta riƙa tashi daga doguwar kujera tana zama. Ta sha maganin ciwon da aka rubuta mata rabin awa kafin ta fara. Sallah kuma a kujera tukuna, addini ya yi rangwame.

Saukowar farko kada ku yi ta ku kaɗai. Ki nemo likitan motsa gaɓoɓi mai lasisi ya zo ya tsaya a kai, ya auna gwiwar. In ta kai mako shida ba ta kai digiri 90 ba, likitan ƙashi na iya sa Hajiya barci ya lanƙwasa gwiwar, kuma wannan ya fi yin amfani kafin a cika wata uku. Ranar komawa asibiti ki roƙi kawu ya raka ku, a nuna masa hoton gwiwar ya gani da idonsa.