Amsa: Awa 18 na AIA sun isa sabunta lasisi a jihohi biyu?

Malam, ka ce kana riƙe da lasisin zanen gine-gine a New York da Kalifoniya, kana so ka san ko awa 18 na kwasa-kwasan ƙarin ilimi da AIA, ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Amurka, ke nema duk shekara sun wadatar. Ba lallai ba. AIA ƙungiya ce. Lasisi kuwa a Amurka hukumar kowace jiha ke bayarwa, kuma kowacce da lissafinta.

Cikin 18 ɗin nan, 12 dole su kasance HSW, wato darussan da suka shafi lafiya, tsaro da walwalar masu amfani da gini: hanyar fita idan gobara ta tashi, ƙarfin ginshiƙi, dokokin gini. Kwas kan neman kwastoma ko tafiyar da ofis ba ya shiga nan, komai tsawonsa. New York na son awa 36 cikin shekara 3, aƙalla 24 su zama HSW, don haka ta fuskar yawan awa, wanda ke cika na AIA ya kai adadin da ake nema a can.

Kalifoniya ce ke kama mutane. Duk shekara 2 tana neman awa 5 kan sauƙaƙa wa naƙasassu shiga gini, da wasu 5 kan zanen ginin da ba ya ƙara hayaƙin kabon. Ko ka tara awa 40, in babu waɗannan, ba ka cika ba.

Kuma ka lura, AIA daga Janairu zuwa Disamba take ƙirga, jihohin nan biyu kuwa da ranar ƙarewar lasisinka suke aiki. Ka ajiye takardar shaidar kowane kwas mai ɗauke da kwanan wata, yawan awa da alamar HSW, don ita za a nema in bincike ya faɗo kanka.