Ƙanenka ya tafi lise teknik, ko ya zo nan?

Jiya da la'asar muna naɗe waya ka ce mini, "Maigida, wasu malamai sun zo kwalejin su ƙanena suna jan hankalin ƴan ajin ƙarshe su nemi lise teknik, makarantar koyon fasaha, in sun ci brebe, jarrabawar gama kwaleji. Baba kuwa ya ce ɓata shekara uku ne, gara ya biyo ni nan shago. Ina gaskiya take?" Ban amsa ba saboda mai gidan nan yana tsaye a kanmu. To zauna ka ji.

Ka san hannuna ya fi shekara ashirin a aikin wuta, amma akwai ranar da ba na mantawa. An kira ni wani lambu wajen Jiratawa in haɗa motar famfo. A farantin da ke jikinta an rubuta ƙarfin wuta 220/380, ga wasu ƴan zane biyu a gefe. Ni na ga waya uku, na ga wurin ɗauri shida, sai na jera ƙarafan yadda na saba gani. Ko minti goma ba ta yi ba warin ƙuna ya tashi. Motar da ke son haɗin tauraro a layin 380 na yi mata haɗin kusurwa uku, kowane naɗi ya sha wutar da ta fi ƙarfinsa. Wata biyu ina biyan mai lambu da guminmu. Yaron da ya yi fannin F3, wato na wutar lantarki, a Lise Teknik Dan Kasawa ta nan Maraɗi, kallo ɗaya zai yi wa farantin nan ya gane.

Abin da lakwal ke bayarwa kenan, wanda ni ba ni da lokacin zama in koya maka da alli. Na ce maka waya mai kauri 1,5 ta fitila ce, 2,5 ta piris ce, wato wurin jona kayan wuta, ka riƙe. Amma don me? Dutsen guga mai wat 2200 a wutar 220 amfiya 10 yake ja. Wanda ya iya wannan rabawar, ko wace na'ura aka kawo masa zai san wayar da za ta ɗauka da dizontar da zai sa, mai yanke wuta in ta yi yawa, ba sai ya bugo mini waya ba. Yanzu kuma sola ta cika gari, ko a jera faranti bi da bi ko a haɗa su gefe da gefe, duk lissafi ne. Ga karanta fulan gini, ga rubuta takardar kuɗin aiki da Faransanci. Aikin ma'aikata ba a ba wanda bai iya waɗannan ba, sai dai ya yi wa mai takarda ƙodago.

Baba bai yi ƙarya gaba ɗaya ba fa. Na karɓi ƴan makaranta istaji a nan waɗanda fensa ke rawa a hannunsu. Wani ma ya ji kunyar fasa bango. Laifin masu zagayen nan kuma shi ne suna zuwa sau ɗaya, shekara ta kusa ƙarewa, su yi wa yara magana su tafi, alhali mai yanke hukunci yana gida ko kasuwa. Da za su ji tawa, iyaye za su tara, su kai su ɗakin injuna su gani da ido. Har yau mutanenmu na ɗauka teknik matattarar waɗanda boko ya kayar ce.

Ka gaya wa Baba hanya ba ta tsaya a bak, jarrabawar gama lise, ba. Mai ƙoƙari yana iya wucewa IUT, cibiyar koyon fasaha ta Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, nan cikin Maraɗi, ba sai an yi masa guzurin Yamai ba. In brebe ɗin bai samu ba, akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM.

Sharaɗina ɗaya. Lahadi da dogon hutu ya zo nan, ya ɗauki tsani kamar kowa, ya sha ƙurar siminti. In Baba yana gida ran Juma'a bayan an sauko, zan biyo mu gaisa, ni zan yi masa maganar da bakina. Miƙo mini testa ɗin can.