Game da State Guard: sojan gwamna ne, ba na Washington ba

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce wani abokin aikinka a Houston yana ta kwaɗaita maka shiga Texas State Guard, kana son sanin ko doka ta san da su, ko za a iya kwasarka zuwa yaƙi, da kuma ko shigar za ta gaggauta maka zama ɗan ƙasar Amurka. Na kuma ga wani ɗan uwa ya amsa maka da cewa ai kamar Askarawan Zamfara ne. Na sa wannan kakin shekaru da dama kafin gwiwa ta zaunar da ni, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

A gajarce: doka ta san da su sarai, ba za a kai ka yaƙin ƙasar waje a ƙarƙashinsu ba, kuma ba za su rage maka ko kwana ɗaya a jiran zama ɗan ƙasa ba. Amma ka daure ka karanta sauran, domin a nan mutanenmu suke ruɗewa.

Ruɗanin daga National Guard yake farawa. Ɗan National Guard iyayen gida biyu gare shi: gwamna da shugaban ƙasa. Yau gwamna zai tura shi aikin ambaliya, gobe takarda ta zo daga Washington a ɗora shi a jirgi zuwa Iraƙi, kuma gwamna ba shi da ta cewa. Ɗan State Guard kuwa ubangidansa ɗaya ne, gwamna. Jiha ce ke ɗaukar nauyinsa, jiha ce ke ba shi umarni. Ko a ƙirjin kakinmu, inda sojan tarayya ke da tambarin sojan Amurka, mu sunan rundunar jiha ne a rubuce.

Me ya sa jiha za ta riƙe runduna biyu? Tarihi ne ya jawo. Tsarin mulkin Amurka ya hana kowace jiha ajiye sojoji a lokacin zaman lafiya sai da yardar majalisar dokokin tarayya. Abin da aka bar wa jihohi tun farko shi ne mayaƙan sa-kai na gari, waɗanda dokar 1792 ta tsara: kowane farar fata namiji mai lafiya daga shekara 18 zuwa 45, da bindigarsa ta kansa. Sai dokar 1903 ta fara zuba musu kuɗi da makaman tarayya, dokar 1916 ta ƙarasa ɗaure su da igiyar Washington da sunan National Guard. A watan Agustan 1917, bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kwashe su kaf zuwa sojan tarayya. Gwamnoni suka waiwaya, babu kowa. Ga gadoji, ga masana'antun makamai, ga yajin aiki, ga tsoron masu zagon ƙasa. Dole jihohi suka tara dattawa da waɗanda ba a ɗauka yaƙi ba suka kafa rundunonin gida. New York Guard, wadda har yau tana nan, a 1917 aka kafa ta, kuma babban aikinta na farko gadin magudanar ruwan da ke shayar da birnin New York.

Kada ka ɗauka tarihin duk fari ne. A 1919 'yan sandan Boston suka tafi yajin aiki, Gwamna Calvin Coolidge ya zuba State Guard na Massachusetts a titi. An rasa rayuka, kuma yawancin waɗanda suka mutu harbin 'yan rundunar ne ya kashe su. Mutane ne da ba su san aikin ɗan sanda ba aka miƙa musu bindiga aka ce su tare taron jama'a. Duk lokacin da na ji matashi yana ƙorafin ba a ba mu makami, wannan labarin nake tuna masa.

Da Yaƙi na Biyu ya tunkaro, aka sake kwashe National Guard, majalisa ta gyara doka a Oktoban 1940 ta ba jihohi izinin kafa wasu rundunonin. Tamu ta Texas a 1941 aka haife ta da sunan Texas Defense Guard, a 1943 aka mayar da ita Texas State Guard. A shekarar ce aka tura ta Beaumont lokacin tarzomar da fararen fata suka afka wa unguwannin baƙaƙe. A Afrilun 1947 kuma ta je Texas City, inda jirgin ruwa maƙare da takin zamani ya fashe a tashar jiragen ruwa ya hallaka mutane kusan 600. A wannan shekarar izinin ya ƙare aka sallami kowa. Yaƙin Koriya ya sa aka sake bayar da izini na shekara biyu a 1950. Sai a 1955 majalisa ta gaji da bayarwa da karɓewa ta mayar da shi na dindindin, aka shigar da shi kundin dokokin tarayya a 1956, kundi na 32, sashe na 109. Wannan sashen shi ne ƙashin bayan duk wata rundunar tsaron jiha a yau, kuma bai kai shafi ɗaya ba. Ka nemo shi ka karanta da idonka kafin ka sa hannu a kowace takarda.

Abin da yake cewa ke nan. Jiha tana iya kafa rundunar tsaro ban da National Guard. Gwamna ne zai yi amfani da ita a cikin jiharsa yadda ya ga ya dace. Ba za a kira rundunar ko a haɗe ta da sojan tarayya ba. Amma, kuma wannan “amma” ɗin naka ne, zama ɗan rundunar bai kare mutum shi kaɗai daga kiran aikin soja na dole ba idan aka dawo da shi, kuma bai ba shi haƙƙin albashi, alawus ko magani daga aljihun tarayya ba. Sannan wanda yake cikin sojan ko-ta-kwana na tarayya ba zai shiga ba.

Kotun Ƙoli ta taɓo batun a 1990. Gwamnan Minnesota, Rudy Perpich, ya ƙi yarda a tura National Guard na jiharsa atisaye a Amurka ta Tsakiya, ya kai ma'aikatar tsaro ƙara. Alƙalai tara duka suka ce bai da gaskiya. A cikin hukuncin suka tuna masa cewa in yana son rundunar da Washington ba za ta ɗauke masa ba, ai doka ta ba shi damar kafa ta da kuɗin jiharsa. Sai dai a ƙasan shafi sun bar wata 'yar ƙofa: mai yiwuwa ne dokokin kiran mayaƙan ƙasa lokacin tawaye a cikin gida su shafi irin wannan rundunar. Lauyoyi na ta jayayya a kai. Ka dai san cewa maganar ba a rufe take ruf ba kamar yadda wasu masu ɗaukar sababbi ke faɗa.

Yanzu aikin kansa. Ba kowace jiha ke da ita ba, wajen jihohi ashirin ne da Puerto Rico, kuma yadda ta Alaska take ba haka ta Maryland take ba. A Texas atisaye sau ɗaya ne a wata, ba a biyan ko sisi a kansa. Kaki da takalmi daga aljihunka. Sai gwamna ya kira aikin jiha ne ake biyan kuɗin yini. Abin da ake koya maka shi ne tafiyar da sansanin waɗanda bala'i ya kora, rabon ruwa da abinci, rediyon sadarwa, agajin farko, neman waɗanda suka ɓace. A jere da kai za ka ga tsohon soja mai furfura, ma'aikaciyar jinya, direban babbar mota, lauya. Hedikwata tana Camp Mabry a Austin.

Lokacin guguwar Harvey a Agustan 2017 na san amfanin abin. An ajiye mu a ɗakin wasanni na wata makaranta, an jera gadajen tafi-da-gidanka har bakin bango. Motoci na sauke mutane jiƙe sharkaf, wani da jakar leda ɗaya, wani da kare a hammata. Aikina shi ne ɗaura wa kowa abin hannu mai lamba in shigar da sunansa a kwamfuta, don in aka kwashe shi zuwa wani gari danginsa su iya gano inda yake. Wata tsohuwa ta zo ba ta jin Turanci sosai, maganin sukarinta ya tafi da ruwa, jikanta kuma an sa shi a wata motar daban. Da lambar hannun nan aka gano yaron a wani sansani kafin gari ya waye. Ban riƙe bindiga ba a duk aikin, kuma ban taɓa jin kakin ya yi mini daidai irin na daren ba. Idan wannan ne kake nema, ka shiga, za ka same shi. Idan fagen fama kake hange, ba nan ba ne.

Batun takarda kuwa, ka ji ni da kyau, don na ga yara sun ɓata shekaru a kan wannan zaton. Hanyar gaggawa ta zama ɗan ƙasa ta waɗanda suka yi aiki a sojan tarayya ce. State Guard ba ta cikin lissafin. Ba za a kira ka tsohon sojan Amurka ba, ba ka da rabo a asibitocinsu, ba ka da tallafin karatunsu na tarayya. Duk wanda ya ce maka akasin haka, ko bai sani ba ko yana son cika adadin da aka ɗora masa. Ko jiha tana karɓar mai koren kati, wato takardar izinin zama na dindindin, wannan dokar kowace jiha ce ke faɗa, sai ka duba ta inda kake zaune.

Akwai abin da ya fi wannan haɗari, musamman gare mu baƙi kuma Musulmi. A Texas za ka ci karo da ƙungiyoyin mutane masu kaki da bindigogi da ke atisaye a gonaki, suna kiran kansu mayaƙan jiha. Ba su da alaƙa da gwamna ko wata doka. Tun 1886 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar Herman Presser wanda ya jagoranci faretin ma'aikata kusan 400 da bindigogi a Chicago ba da izinin gwamna ba, cewa jiha na da ikon hana irin wannan. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: rundunar gaskiya tana ƙarƙashin babban hafsan jiha, a shafin gwamnatin jiha ake neman shiga, ana binciken tarihinka, ana rantsar da kai. Wanda ya ce ka zo gonarsa ranar Asabar da bindigarka, ka yi nesa da shi. Su ma na halal ba su tsira daga irin waɗannan mutanen ba. A 1987 gwamnan Utah, Norman Bangerter, ya kori kusan dukkan jami'an rundunar jiharsa bayan an gano masu aƙidar Nazi da tsofaffin masu laifi sun cika ta.

Sai maganar ɗan uwanmu na Askarawa. Na fahimci abin da ya hango: gwamna ya ga jami'an tarayya ba su ishe shi ba, ya kafa nasa. Dikko Radda ya yi a Katsina a 2023, Dauda Lawal ya yi a Zamfara a 2024, jihohin Yarbawa sun riga su da Amotekun a 2020. Amma ƙafar da suke tsaye a kai daban ce. A Amurka majalisar tarayya ce da kanta ta rubuta izinin ta kuma zana iyaka. A Najeriya sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 cewa ya yi ba za a kafa wata rundunar 'yan sanda ba ban da ta tarayya, shi ya sa ministan shari'a na lokacin ya ce Amotekun haramtacciya ce kafin jihohin su yi mata dokoki. Aikin ma ba ɗaya ba ne. Su yaran can daji suke shiga suna fuskantar 'yan bindiga, suna mutuwa. Mu ruwan kwalba muke rabawa. Ba na son a haɗa sunana da nasu a ce sadaukarwarmu ɗaya.

Inda suka yi kama shi ne abin da ke damuna da duka biyun: runduna ce da mutum ɗaya ke juyawa. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda 'yan dokan En'e suka yi da 'yan NEPU. A nan ma, a 2015 Gwamna Greg Abbott ya umarci rundunarmu ta sa ido a kan wani atisayen sojan tarayya saboda jita-jitar intanet cewa za a mamaye Texas. Da yawa a cikinmu abin bai yi mana daɗi ba, don ba wannan muka yi rantsuwa a kai ba. Florida ta farfaɗo da tata a 2022 da gurbin mutum 400, a shekara ta gaba aka ɗaga zuwa 1,500, sannan Gwamna Ron DeSantis ya sanar da tura wasunsu iyakar Texas da Meziko. Kai da kake baƙo a ƙasar, ka san cewa aikin iyaka na cikin abin da gwamnan Texas ke iya tura ka, kuma ba a tambayar ra'ayinka kafin a tura.

Don haka in za ka je wurin mai ɗaukar sababbi, ka tafi da tambayoyi a rubuce: wane sashe za a sa ka, kwana nawa za a iya riƙe ka idan an kira aikin jiha, wa zai biya magani idan ka ji rauni, kuma wace kariya dokar jiha ta ba aikinka na yau da kullum idan ka yi makonni ba ka je ba. Ka kuma yi magana da mai gidan aikinka da iyalinka tun kafin rantsuwa, don kiran guguwa da tsakar dare yake zuwa. Idan kuma zama ɗan ƙasa ne ainihin abin da ke gabanka, ka fara ganin lauyan shige da fice kafin kowane mai kaki.